Wai gwamnati ce ta gyara mana harkar waya, ko matsawarta gefe ce ta gyara?

Dan_FarmCentre
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar musu ya kaure a shago tsakanina da yaron da ke taya ni gyara, har wani kwastoma ya gaji ya karɓi wayarsa ya tafi ba a sa mata sikirin ba. Cewa yake tunda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, to gwamnati ta buɗe nata kamfanin ta sayar mana da data da araha, sauran kuma ta yanka musu farashi dole. Na ce kai wace shekara aka haife ka, ya ce 2004. Na ce shi ya sa.

Wanda bai ga zamanin NITEL ba ba zai gane ba. Kamfani ɗaya tal na gwamnati, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 amma layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, MTN da Econet kowa ya ajiye dala miliyan 285, yau mai tura baro a Singa ma layi biyu gare shi. Ba da kuɗin baitulmali aka kafa dogayen ƙarafan nan ba, gwamnati gefe ta matsa.

Ni a ganina aikinta bai wuce na sarkin kasuwa ba, ya duba mudu kar a yi wa mai saye algus, ya raba faɗa, shi ke nan. Amma ya ce ga kuɗin da za a sayar da gero, ko ya wayi gari ya garƙame kasuwa, ko ya ce sai ka nuna takarda kafin ka shigo, wannan ya wuce gona da iri. Ko ya kuka gani?

Maman_Sadiq
Wa alaikumus salam. Alhaji ku kuna da wayfai a shago shi ya sa. Ni da nake tallan atamfa da leshi a status, na sa data da safe kafin magariba an ce ta ƙare, ban kalli komai ba wallahi sai hotunan kaya da nake turawa. In babu mai tsawata musu ai sai su cinye mu ɗanye.

Kwamared_Bichi
Dan_FarmCentre ka ba da rabin labari ka ɓoye rabi. Nawa aka sayi sim a 2001? Sama da naira dubu 20, sim kawai ba waya ba. Minti ɗaya naira 50, ko sallama kawai ka yi ka kashe sai an cire maka kuɗin minti cikakke. Wannan ita ce kasuwar da kake yabo. Ɗan jari-hujja ba ya da uwa ba ya da uba sai riba.

Dan_FarmCentre
Kwamared to wa ya karya wannan farashin? Ba takardar NCC ba ce, Glo ce ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, waɗanda suka yi ta cewa abin ba zai yiwu ba cikin ɗan lokaci suka bi sahu. Sim ɗin dubu 20 ya dawo ana bin ka da shi a titi kyauta har da lema. Kishiya ce ta gyara su ba hukuma ba.

Baba_Mai_Ritaya
Yarana ku bar ni in ba ku abin da idona ya gani. A shekarun 1990 ƙanina yana karatu a Madina, in za mu yi magana da shi sai an aika wasiƙa wata guda kafin nan a ce ranar kaza ƙarfe kaza ka tsaya kusa da waya. Mu kuma mu tafi wani shagon buga waya a Sabon Gari, mu zauna a benci kamar masu jiran likita, mai shagon yana riƙe da agogo yana ƙirga mana minti. Wata rana mahaifiyarmu ta yi sa'a uku a zaune, da layi ya shiga sai kuka ya ƙwace mata, kafin ta ce ya karatu kuɗin da muka zo da shi ya ƙare. Muka dawo gida ba ta yi magana da kowa ba a mota. Yanzu jikata 'yar shekara bakwai ke kiran babanta a Jidda tana ganin fuskarsa. Ni dai duk wanda ya ce a mayar da waya hannun gwamnati, Allah ya shirye shi.

sani_maichaji
baba Allah ya kara lafiya. amma gaskiya data tayi tsada yanzu, masu kawo chaji ma sun ragu saboda wayar ta zama ta kira kawai

Injiniya_Fayiba
Bari in shigo nan tunda harkar da nake ci da ita ke nan, shekara goma sha ɗaya ina bin rami ina ja wa kamfanoni waya. Maman_Sadiq da sani, tsadar da kuke kuka da ita ku tambayi me ke cikinta. Kowace eriya da kuke gani akwai janareta a gindinta yana shan dizal dare da rana, akwai maigadi, akwai batira da ɓarayi ke kwashewa. Kayan aiki duk da dala ake shigo da su, dala kuma kun san inda ta kai daga 2023. Kamfanonin ninki suka nema, kashi 100, aka ba su 50, kuma tun wajen 2013 ba a bar su sun taɓa farashin ba.

Sai kuma abin da ba a faɗa muku, kuɗin haƙa rami. Kafin ka binne fayiba, wato wayar da ke ɗauke da intanet, a gefen titi sai ka biya jiha kuɗi a kan kowace mita. An zauna an daidaita a kan naira 145, amma akwai jihohin da suka riƙa neman dubbai a kan mita ɗaya. Ka lissafa kilomita 50 zuwa wani ƙauye ka gani, wa zai kai? Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, to ina sauran suke tun lokacin? Bayan jiha ga ƙaramar hukuma da rasit ɗinta, ga masu muhalli, ga masu tsara birni, kowa ya zo ya manna takarda a ƙofar eriya ya sa kwaɗo. Na taɓa kwana biyu a gindin wata eriya muna roƙon a buɗe mana mu zuba mai, injin ya mutu muna kallo ta cikin waya, gari guda babu sabis, mutane suna ta zagin kamfani. Gobe kuma ɗan kwangilar titi ya zo da katafila ya datse wayar da ka biya kuɗin binnewa, ba mai ce masa don me.

Duk wannan a cikin katin naira 500 ɗinku yake.

Kwamared_Bichi
Injiniya ka zama lauyan kamfanoni ke nan. To in asara suke yi me ya hana su tattara su tafi?

Injiniya_Fayiba
Wasu ai sun tafi Kwamared. Ina Etisalat? 2017 suka zare hannu bashi ya ci kamfanin ya koma 9mobile. Ina Starcomms, ina Multi-Links, ina Visafone? Kuma ka duba lasisin 5G na Disambar 2021, MTN da Mafab kowa dala miliyan 273.6. Wane ƙaramin ɗan kasuwa ne zai iya tsallake wannan katanga? Gwamnati ta mayar da iska hanyar tara kuɗin shiga, sannan ta dawo tana mamakin me ya sa kamfanonin ba su da yawa.

Lauya_Ba_Kotu
Gyara kaɗan ga mai zaren. Ka ce gwamnati gefe kawai ta matsa, ba haka kawai ba ne. NCC tun 1992 aka kafa ta, amma sai da aka yi gwanjon 2001 a fili lokacin shugabanta Ernest Ndukwe, aka kuma yi dokar sadarwa ta 2003, sannan masu kuɗi suka yarda cewa ba za a wayi gari soja ko minista ya ƙwace musu lasisi ba. Matsawa gefen ma da doka aka yi ta. Kuma akwai abin da kasuwa ba za ta yi da kanta ba. Zangon iskar da waya ke bi dole wani ya raba shi in ba haka ba kowa ya hau kan na kowa. Dole wani ya tilasta wa babban kamfani ya bar kiran ƙaramin kamfani ya shiga layinsa. Damar sauya kamfani ba tare da ka rasa lambarka ba da aka fara a 2013, babu babban kamfanin da zai kawo ta don Allah.

Dan_FarmCentre
Barista ban musa ba, wannan duk aikin sarkin kasuwa ne, raba rumfa da duba mudu. Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo baya. Ka tuna ƙarshen 2016? NCC da kanta ta umarci manyan kamfanoni su ƙara kuɗin data, wai akwai ƙasan da ba za a sauka ba, sai da mutane suka yi ca majalisar dattawa ta sa baki aka janye. Maman_Sadiq kin ji fa, mai tsawatawar da kike nema shi ne ya taɓa cewa arahar ta yi yawa.

Maman_Sadiq
Ikon Allah. Wannan kam ban sani ba. Amma duk da haka wa zan kai wa ƙara in an cire min kuɗin waƙar da ban saka ba?

Lauya_Ba_Kotu
Hajiya ki fara da kamfanin, in ba su yi komai ba ki kira 622, layin ƙorafi ne na NCC kyauta. Saƙonnin talla kuma ki tura STOP zuwa 2442.

Bazamfare_01
Kuna ta maganar farashi, mu da muka ga rana ba sabis ɗin gaba ɗaya fa? Farkon Satumbar 2021 aka kashe netwok a duk faɗin Zamfara wai don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ina Gusau lokacin, ina sana'ar POS. Rana ɗaya sana'a ta mutu. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna bai wa direbobi a tasha kamar zamanin kakanni. Mu kan cika mota mu tafi Funtua don kawai mu yi waya, za ka ga mutane birjik a bakin titi kowa da wayoyi uku huɗu na maƙwabta da takardar saƙon da zai karanta wa 'yan uwansu. Ba a yi kwana goma ba aka kashe na Funtua ma tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina, sai dai ka miƙa Zariya.

Abin da ba zan manta ba, goggona ta rasu a wani ƙauye ta wajen Tsafe, sai bayan kwana huɗu labari ya iso mana ta bakin wani mai mota. Kuma in ɓarayin sun shigo gari da dare wa za ka kira? A da ko ba komai ka kira ƙauyen gaba ka ce ga su nan ku gudu. Aka ɗaure mai gida aka bar ɓarawo da babur ɗinsa. Yau shekara nawa, an daina satar mutane?

Soja_Ne_Babana
Allah ya jiƙan goggo. Amma ɗan uwa a yi adalci, gwamna Matawalle ne ya nema kuma a farko mutane da yawa har da 'yan Zamfara sun yi murna. Harkar tsaro ba kasuwar gero ba ce. Ko a 2013 an kashe a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. In rai na cikin haɗari ba a maganar POS.

Bazamfare_01
Mun yi murna sati na farko saboda mun zaci za a shiga daji a gama da su kafin a kunna. Murna ta koma ciki.

Dan_Maradi
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Abin da ya ba mu mamaki lokacin nan, rezo ba ya san iyaka ba. Garuruwan bakin iyaka ta wajen Jibiya da Illela mutane sim ɗinmu na Nijar suka riƙa saye suna hawa tudu suna kira. To in talaka ya gano wannan dabara, wanda ke da miliyoyin kuɗin fansa shi ne zai kasa? Mu ma nan mun ɗanɗana, bayan zaɓen Fabrairun 2021 aka yanke intanet na salula kwana goma. Kuma kamfanin gwamnati da yaronka ke so Alhaji, muna da shi, Niger Telecom, da aka haɗe Sonitel da SahelCom a 2016. Ka zo Maradi ka ƙirga mutum goma ka ga sim ɗin wa ke cikin salularsu, Airtel ne ko Moov ko Zamani.

Ummu_Hanan
Ni abin da ya fi ci min rai haɗa layi da NIN. Disambar 2020 lokacin minista Pantami aka ce kowa ya haɗa, aka ma dakatar da sayar da sabon sim wata huɗu, ana tsakiyar korona ana cewa a ba da tazara amma aka tara mutane a layi kamar tururuwa. Kakata ba ta da zanen yatsa mai fita, shekara da shekaru tana surfe da wanki, na'ura ta ƙi karɓa, sau uku muna kai ta. An ce in an haɗa za a riƙa kama masu neman kuɗin fansa. To har yau da waya suke kira suna ciniki kamar masu sayar da akuya.

Soja_Ne_Babana
Wannan laifin rashin amfani da bayanan ne ba laifin tattara su ba. Ƙasashe da yawa sai da katin shaida ake sayen sim, ki je Saudiyya ki gani har yatsa ake dangwalawa.

Lauya_Ba_Kotu
Tambayar da nake yi kullum ita ce, duk ikon da ka miƙa wa gwamnatin da kake so, ka yarda gwamnatin da ba ka so ta gaje shi? Yunin 2021 Twitter ta goge saƙon Buhari, bayan kwana biyu aka rufe ta, sai Janairun 2022 aka buɗe, wata bakwai. Babu dokar majalisa, babu umarnin kotu, sanarwar minista ce kawai kamfanonin waya suka bi. Kotun ECOWAS ta ce a 2022 matakin ya saɓa doka, amma an riga an sha wata bakwai ɗin. Da yawa a nan arewa tafi muka yi saboda namu ne a sama. Makunnin yana nan inda yake, hannun da ke kansa ne kawai ya canza.

Kwamared_Bichi
A nan kam muna tare Barista, rufe bakin jama'a ba gurguzu ba ne zalunci ne. Amma kar ku haɗa min shi da farashi. Kuma da ba don hukuma mai haƙori ba wa zai ci MTN tarar 2015? Naira tiriliyan 1.04 kan layuka sama da miliyan 5 marasa rajista.

Injiniya_Fayiba
Aka ƙare a biliyan 330 bayan zaman sulhu. Kuma ka tambayi kanka ko kwabo nawa ya shigo aljihun mai layi daga ciki.

Ustaz_Na_Zaure
Tunda an zo kan yanka farashi bari in ɗan sa baki. Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito, kaya suka yi tsada a Madina aka ce ya Manzon Allah ka yanka mana farashi, bai yanka ba, ya nuna Allah ne mai sanya farashi kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙi. To amma Alhaji kar ka yi saurin cewa na goya maka baya, domin malamai sun yi bayani cewa in 'yan kasuwa suka haɗa baki ko suka ɓoye kaya, ko ya zama mutum ƙalilan ne aka bai wa izinin sayar da abin da jama'a ba su da makawa sai shi, to shugaba na da damar sa baki. Yanzu ku ku faɗa min, kamfani huɗu da lasisi a hannu, wanne ne a ciki?

Dan_FarmCentre
Allah ya saka Malam. To ai maganata ke nan, wa ya mayar da su huɗu? Maganin ba a yanka farashi ba ne, a buɗe ƙofa a rage kuɗin lasisi su zama goma. Dubi Starlink masu intanet ta tauraron ɗan adam, tun 2023 suka shigo, yanzu a ƙauyen da babu eriya sai ka ga yaro ya sa faranti a kan rufi da sola yana sayar da wayfai na awa.

sani_maichaji
starlink din da kudin watansu ya tashi daga dubu 38 zuwa 75 a dare daya? ai NCC ce ta taka musu birki a 2024 alhaji, ka manta ne ko kana sane 😂

Dan_FarmCentre
Ban manta ba, daga baya ai an bar su sun ƙara. Birkin bai hana komai ba sai jinkiri.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Ghana. Mu namu E-levy ne, 2022 aka sa harajin kashi 1.5 kan tura kuɗi ta waya. Mata a kasuwa suka koma ɗaure kuɗi a bakin zane, gwamnati ba ta samu abin da ta yi lissafi ba, ta rage zuwa kashi 1, Mahama ya zo ya soke a 2025. Ku ma na ji an so a sa muku wani.

Lauya_Ba_Kotu
Biyu ma. Harajin kashi 5 kan kira da data da aka yi ta kai-kawo a kansa tun 2022, da na tsaron intanet rabin kashi ɗaya kan tura kuɗi da babban banki ya sanar a Mayun 2024 aka dakatar da shi cikin 'yan kwanaki da aka yi ihu.

Maman_Sadiq
To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Kamfani na ci, gwamnati na ci, kowa ya ce don ni yake yi. Injiniya tsakaninka da Allah datar nan ana zuƙe ta ko ba a zuƙewa?

Injiniya_Fayiba
Hajiya shiga saitin WhatsApp ki kashe sauke hoto da bidiyo da kansa, in kina cikin guruf ashirin na 'yan kasuwa duk bidiyon da aka turo wayarki na kwasa ko ba ki buɗe ba. Ki duba kuma ko hotunanki na hawa Google da data. Ki gwada kwana uku ki dawo ki ba mu labari, in ba ta canza ba ni zan taya ki kiran 622 ɗin.

Kwamared_Bichi
Alhaji amsa min wannan, ƙauyen da babu riba wa zai kai musu eriya in ba gwamnati ta tilasta ba? Kuma ka turo mana yaron shagon nan cikin zaure, ina da katin jam'iyya da zan ba shi.

Dan_FarmCentre
Akwai asusun USPF da dokar 2003 ta tanada don wannan aikin, daga kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC ake zuba masa, sai ka je ka tambayo mana ƙauye nawa ya kai. Yaron kuma yana nan yana karanta ku a wayata, tasa datar ta ƙare tun jiya. Ya ce a gaya wa Baba_Mai_Ritaya labarin benci ya taɓa shi amma bai sauka daga ra'ayinsa ba. An kira sallah, sai mun dawo.

Bazamfare_01
Injiniya don Allah in kana nan, farantin Starlink ɗin nan in an sake kashe netwok shi ma yana mutuwa ne ko yana ci gaba da aiki?